Madamin Delfina da Bermut na Farko

A gidanmu na haya da ke unguwar Borgo Dora a birnin Torino ƙofofinmu duka baranda ɗaya suke kallo, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya a can ƙarshe. A irin wannan gida ba a ɓoye komai. In ka yi tari an ji, in ka soya albasa an shaƙa, in kuwa ka daina cin abinci kwanonka ne zai tona maka asiri. Shi ya sa tun kafin likita ya hawo benenmu muka san Munsu Severino (Munsu muke ce wa magidanci a nan) ya daina ci. Kullum da rana sai mu ga matarsa Delfina ta fito da kwano a rufe, ta juye wa kyanwar mai gadi abin da ke ciki, ta daɗe a bakin famfo tana dirzar kwanon kamar shi ya yi mata laifi.

Ni ce Ernesta mai guga, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu. Ba zan yi ƙarya in ce Delfina mace ce mai daɗin zama ba. Baki gare ta, ga ji da kai irin na waɗanda aka haifa a tsakiyar Torino. Amma ni ma ba kanwar lasa ba ce, shi ya sa muka jitu, faɗa da safe, aron gishiri da rana. Ta haura sittin, kanta ya yi fari fat, amma har lokacin Madamin muke ce mata kamar wata amarya, domin mace ba ta zama Madama sai uwar mijinta ta kau, ita kuwa tata surukar ta ƙi mutuwa. Wannan suna yana ci mata rai ƙwarai, mu kuma da gangan muke ja mata shi.

Tun tana yarinya ta shiga kamfanin bermut da ke bakin kogi, aka sa ta ɗakin ganyaye. Aikinta tsince tazargade daga kara da ƙasa, kakkarya kirfa, fere ɓawon lemo, ware kanumfari. Duk a jiƙa su cikin barasa mai ƙarfi, a tace, a zuba wa giyar inabi. Ƙamshin ya kama jikinta har ya zama ko ta yi wanka da sabulu, in ta shiga bas maza sai su duba agogo, su ga ko lokacin shan bermut ne ya yi ba su sani ba.

Severino kuwa ɗan dutse ne, daga kwarin Varaita ya sauko da takalmin katako da baki kamar an ɗinke. Aka ba shi aikin da kowa ke gudu, wato ƙona sukari. Baƙi suna zaton jan bermut da jan inabi ake yin sa. Mu da muke shaƙar hayaƙin mun san farar giya ce, ƙonannen sukari ne ke ba ta launi. Shi ke tsayawa kan ƙatuwar tukunyar tagulla yana juyawa, sukari ya narke, ya yi ruwan zuma, ya yi ja, ya fara hayaƙi, ya sauke kafin ya koma gawayi. Hannayensa duk tabon ƙuna. Wasan da ya iya a duniya guda ɗaya ne tak, in aka tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Ni ne jan inabin." Da wannan wasa ya samu Delfina, kuma ban taɓa gane yadda aka yi ba.

Bayan aure ya kai ta ƙauyensu ta gaida uwarsa Ghitin. Delfina ta riƙe kwalbar jan bermut na kamfaninsu, ta ɗaura mata ƙyalle a wuya. Ghitin ta tarbe ta da abin da ake tarbar baƙo da shi a can, giyar gida mai tsami wadda aka jiƙa tazargade a ciki, babu ko ƙwayar sukari. Amarya ta kurɓa, ta tofar a ƙasa gaban dangi kaf, ta ce, "Wannan ai maganin tsutsa ne! Bari ku ɗanɗana na gaskiya." Ghitin ta karɓi kwalbar ta sansana, ta dubi leɓen Delfina, ta ce, "Ashe a birni har giya jan baki take shafawa." Sannan ta ce ta ɗauki ɗanta su je su yi ta ƙona abinci, ita dai ta rantse ƙafarta ba za ta taka garin da ake ƙona sukari da gangan ba. Daga ranar ba su sake ganin juna ba. Severino yakan hau dutse shi kaɗai duk shekara, Delfina kuma ba ta kiran tsohuwar da komai sai "ta kan dutse". Allah bai ba su haihuwa ba, balle jika ya shirya su.

Ciwon ya fara ne a hunturun da ya biyo bayan ajiye aikinsa. Likita ya latsa cikinsa, ya fito baranda ya ce wa Delfina akwai abin da ya kamata a cire. "Amma ba zan sa wuƙa a jikin da babu nama ba, Madamin. Ki ciyar da shi. In ya yi ƙwari mu yi aikin. In bai ci ba..." Ya ɗaga kafaɗa ya sauka.

Babu abin da matar nan ba ta dafa ba. Romon kaza, siririyar taliya, tuwon masara da madara, ƙwai kaɗe da sukari wanda a da yakan lashe har cokali. Sai ya dubi kwanon ya juya fuska bango. Ta bangon nan nake jin ta, in ta yi lallashi ta koma zagi, in ta gaji da zagi ta koma roƙo.

"Verin, cokali ɗaya. Don girman Allah, ɗaya tak. Ba don kai ba, don ni. To kar ka ci! Mutu mana, jakin dutse kawai, in ga wanda zai yi asara! Haba Verin, buɗe bakin, ka ji?"

Wata rana da la'asar ta faɗo ɗakina ko sallama babu, har ta kusa ture min dutsen guga. "Ya yi magana, Ernesta! Ya ce bermut!" Tana dariya tana dukan goshinta. Ita da ta ƙare rayuwarta a cikin ganyayen nan, ta manta abin da kowane ɗan Torino ya sani, cewa bermut ke buɗe ciki kafin abinci. Na ce to wanne yake so? Ta ce ta tambaye shi, ya ce, "Na farko," ya rufe ido.

Na farko, a wurin Delfina, ba ya buƙatar tambaya. Ta tafi tsohon kamfaninsu, wani abokin aikinsu ya ɗebo mata daga tsohuwar ganga, ja mai kauri, wanda wataƙila ma sukarin Severino ne a ciki. Severino ya jiƙa leɓe, ya girgiza kai.

Daga nan yawo ya fara. Munsu Giacinto mai shagon shan kofi ya ce mata tabbas na farko namu ne, a dandalin fada aka fara haɗa shi tun zamanin sarakuna, amma na da ya fi na yanzu ɗaci. Ya ba ta wanda aka ƙara wa ɓawon itacen maganin zazzaɓi. Severino ya girgiza kai. Maƙwabcinmu Teresio, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce Faransawan bayan dutse ma suna da nasu, ya kawo mata fari mai zaƙi da wani fari marar zaƙi mai kama maƙogwaro. Severino ya sake girgiza kai. Kwalabe suka jeru a tagarsu, ja, fari, ruwan ƙasa, har wata maƙwabciya ta ce, "Madamin, yaushe za a buɗe shagon ne mu zo?" Delfina ta jefe ta da silifa, kuma ta same ta.

Mai kantin magani ya ƙara dagula mata lissafi. Ya ce sunan bermut ɗin kansa ba namu ba ne, haka Jamusawa suke kiran tazargade, su suka daɗe suna jiƙa shi a giya, wasu ma sun ce tun zamanin tsoffin Girkawa ake yi. Ta ce masa, "To yanzu Jamus zan tafi, ko Girkawan zan tono?"

Duk wannan abin Severino yana ƙarewa. Zoben aurensa ya zame ya faɗa cikin bargo, Delfina ta naɗa masa zare ta mayar, ya sake zamewa. Fada na cocinmu ya fara yawan biyowa ta barandarmu yana tambayar mai jiki, sai ta tare ƙofa ta ce, "Bai kira ka ba tukuna, Fada." Ita ma ta daina ci, idanunta suka faɗa. Na tausaya mata har na daina ja mata sunanta. Wata safiya na same ta zaune a matakala da kwalba a cinya, ta ce min, "Ernesta, mutumin nan yunwa za ta kashe shi a gidana, ni da tukunyata a kan wuta. Me zan ce wa Allah?"

Da kwalaben duniya suka ƙare mata, ta ce za ta haɗa da kanta, ai ta san ganyayen. Na raka ta kasuwar Porta Palazzo, wurin wata tsohuwa 'yar dutse mai sayar da saiwoyi. Delfina, wadda ba ta faɗa wa kowa cikinta, ta tsaya ta zazzage wa baƙuwar nan labarin kaf. Tsohuwar ta saurara tana ɗaure tazargade, ta ce, "Ɗan ina ne mijin naki?"

"Varaita."

Sai ta yi dariya, bakin babu haƙori. "Ke ma dai, Madamin, da girmanki. Na farko ai kowa na uwarsa ne. Mu duk watan Mayu a layi ake jera mu, a toshe mana hanci a ɗura mana, don tsutsa. Har yau in na tuna sai yawu ya cika min baki."

Delfina ta nemi akwatin kayan miya ta zauna. Ba ta yi mamaki ba, na dube ta da kyau. Ni a ganina tun ranar farko zuciyarta ta gaya mata, ta toshe kunne, ta gwammace ta zaga Torino da ƙafa. Shi kuma bawan Allah, ta yaya zai dubi matar da ta yi shekara arba'in tana wanke masa ƙunar hannu ya ce uwarsa yake so? Sai ya faɗi rabin maganar ya rufe ido.

Duk da haka ba ta sallama ba. Ta sayi tazargaden da giya mai tsami, ta jiƙa a gida ba sukari, ta kai masa. Ya sansana, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ya yi kama." Bai sha ba. Wannan kalma ta yi mata ciwo fiye da duk girgiza kan da ya yi. Ta fito ta ce min, "Ki bar gugar nan, gobe za ki raka ni dutse." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muka bar shi hannun matar Teresio, muka hau jirgin ƙasa zuwa Saluzzo, muka shiga bas, sauran kuma a ƙafa. Muka sami Ghitin zaune a bakin ƙofa tana shan hantsi, ta haura casa'in, ta ƙanƙance kamar yarinya, idanun sun yi fari. Kafin mu yi magana ta ɗaga hanci.

"Ina jin kirfa. 'Yar birni ce ta ɓata hanya?"

Delfina ta durƙusa a kan duwatsun nan da gwiwoyinta masu ciwo. Sannan ta faɗi kalmar da Severino ke kiran tsohuwar da ita, wato uwa a bakinsu na dutse, wadda ba ta taɓa fita daga bakinta ba.

"Mare. Ɗanki ba ya ci."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ƙanƙara ta narke."

"Sai yau kika ga dama? Me kike ba shi?"

Delfina ta lissafa, romo, ƙwai da sukari, jan bermut, fari, na Faransa. Tsohuwar tana gyaɗa kai tana cewa, "Sukari. Sukari. Sukari."

"Naki yake so, Mare. Na yi nawa, ya ce ya yi kama. Ki ba ni kwalba ɗaya in kai masa."

"Wannan ba a aikensa. Wa zai toshe masa hanci? Ke? Ke da kika tofar?"

Nan Delfina ta fashe. Ban taɓa jin kuka irin wannan daga bakin babba ba. Ta kama ƙafafun tsohuwar tana cewa ta zage ta, ta dake ta, ta sa ta lashe ƙasar da ta tofa wa yawu, duk ta yarda, amma kar ta bar shi ya mutu saboda laifin da ba nasa ba. Ni kaina na fara tattara abin da zan gaya wa tsohuwar nan, kuma ba mai daɗi ba ne.

"Ke, sakar min ƙafa," in ji Ghitin. "Wa ya ce miki na hana? Shiga ki ɗauko min mayafina da kwalbar da ke bayan murhu. Da burodin da ke rataye."

Delfina ta ɗago. "Amma kin rantse ba za ki..."

"Na rantse ƙafata ba za ta taka ba. Ban rantse ba za a ɗauke ni ba."

Haka kuwa aka yi. Maƙwabtanta suka sauko da ita kan kujera har bakin bas, a Saluzzo direba ya ɗauke ta kamar jaririya ya sa a jirgi, a Torino Teresio da wani abokinsa suka karɓe ta. Suka hawo da ita benenmu a kan kujerar kicin ɗina, ta tattare ƙafafu sama tana faɗa musu kar su kuskura su dire ta. Duk gidan an fito baranda ana kallo. A bakin gadon ɗanta suka ajiye ta, aka sa mata matashi a ƙarƙashin takalmi.

Ta laluba ta sami fuskarsa, ta shafa ƙasusuwan. Da ta yi magana muryarta mai faɗa ce.

"Verin, dubi yadda ka koma. Tsutsa ce. Na gaya maka ka daina shan ruwan kwata."

"Mare," in ji shi.

"Tashi zaune. Ke, tallafe shi."

Delfina ta tallafo bayansa. Tsohuwar ta cika ɗan ƙaramin kofi, ta sa yatsu biyu ta matse hancin dattijo mai furfura, ya buɗe baki don numfashi, ta ɗura masa. Ya haɗiye. Fuskarsa ta yamutse gaba ɗaya, ya yi tari, hawaye suka zubo, jikinsa ya ɗauki rawa. Na ce shi ke nan, mun ɗauko tsohuwa daga dutse ta zo ta ƙarasa shi.

Sai tarin ya lafa. Idonsa a rufe, ya sake buɗe baki, ya bar shi a buɗe yana jira, kamar ɗan tsuntsu a sheƙa.

Ghitin ta ɓantari baƙin burodin nan mai tauri, ta tsoma a ruwa. Ta miƙa hannu gefe ba ta ko juya ba. "Sukari. Kaɗan, abin da yatsu biyu za su ɗauka. Haka nake ba yara bayan ɗacin, in ba haka ba wa zai yarda ya sha baɗi?" Delfina ta ɗebo, ta barbaɗa. Tsohuwar ta sa masa a baki. Ya tauna a hankali, ya daɗe yana taunawa, mu duka muna kallon maƙogwaronsa. Ya haɗiye. Ya sake buɗe baki.

Delfina ta jingina shi da matashi ta fita. Na bi ta, na same ta ta riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu.

"Ya ci, Ernesta. Kin gani? Ya ci." Tana dariya, majina na zuba. Can sai dariyar ta tsaya. "Duk abin da na dafa. Busasshen burodi. Kuma ba daga hannuna ba."

Na ce, "Sukarin ai naki ne."

"Rufe min baki," in ji ta. Ta share fuska da gefen riga ta koma ciki ɗora romo.

Ya ci ranar, ya ci washegari, bayan mako ya fara karɓa daga hannun Delfina ma, muddin an fara da ɗacin. Ya yi ƙwarin da likita ya yarda ya yi aikin. Aikin ya ba shi watannin zafi gaba ɗaya, yana zama a baranda tsakanin matan nan biyu suna faɗa a kansa, yana murmushi kamar wanda aka naɗa sarauta. Ya rasu bayan an gama tsinkar inabi, da abinci a cikinsa.

Ghitin ba ta koma dutse ba. Ta ce babu wanda za ta sake bari ya jijjiga mata ƙashi, Delfina kuma ta ce ita ba ta da kujerar da za ta ba da aro. Suna nan ɗaki ɗaya, tsohuwar ba ta taɓa sauka ƙasa ba, kullum ina jin su ta bango, wannan ta ce miya ta yi zaƙi, waccan ta ce in ba ta so ta bari.

Kwanan baya wata sabuwar 'yar haya ta sami Delfina a bakin famfo da baƙaƙen kayan makoki. Yarinya mai ladabi, ta ga gwauruwa mai furfura, ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Madama." Delfina ta rufe famfon, ta waiga ta dubi ƙofarsu, ta rage murya.

"Madamin," ta ce. "Ki iya bakinki, kar ki yi mana mugun fata. Tana ciki, tana jin ki."